Ɓerayen Oga Ƙararrawa

Allah ya yi wa ɗakin bincikenmu gata da ya ba mu shugaba irin Oga Ƙararrawa. Kai, mutumin nan ya san lokaci! Agogo biyu yake ɗaurawa, ɗaya a kowane hannu, ga ƙaramar ƙararrawa a kan tebur da yake kaɗawa kafin ya yi magana, wai don kada hikima ta zo ta tarar da mu ba shiri.

Wata rana ya dawo daga taro da sabon ilimi. Ya tara mu, ya shafa tumbi.

"Ku saurara ku ƙaru. Duk dabba mai shayarwa tana da agogo a jikinta. Ƙwaƙwalwa tana bin haske, hanta tana bin lokacin cin abinci. Ka ci a lokacin aikinka, jiki ya ƙone abincin. Ka ci a lokacin hutunka, ya mayar maka da shi kitse. Ni zan tabbatar wa duniya!"

Har nan gaskiya ya faɗa, shi ya sa muka yi mamaki. Bayan wata biyu manyan hukuma za su zo duba aiki, kuma kujerar babban darakta babu kowa a kai. Oga har ya ba tela ɗinkin sabon kwat.

Ya raba ɓerayen gwaji gida biyu. Na dama, 'yan gatansa, za su ci daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, lokacin aiki. Na hagu kuwa sai bayan faɗuwar rana, don su zama abin misali na lalacewa.

Inna mai keji, wadda ta shekara ashirin tana share wa ɓeraye gida, ta ɗan matso.

"Yallaɓai, ai shi ɓera da rana yake barci."

"Inna, takardar shaida nawa gare ki?"

Ta ɗauki tsintsiya ta koma shara.

Haka aka yi ta yi. Kullum takwas daidai Oga zai tsaya kan kejin dama ya kaɗa ƙararrawa, bayin Allah su farka a firgice, su ci da ido rabi a rufe, su koma su kwanta. Da suka fara kumbura, ya ce lafiya ce take bayyana. Da Inna ta kawo sikeli, ya ce sai ranar zuwan baƙin hukuma, kada a zubar wa sakamako kwarjini.

Ranar ta zo. Oga ya yi jawabin minti arba'in cikin sabon kwat, sannan ya yaye ƙyallen da ya rufe keji da hannunsa. Wayyo! 'Yan gata sun zama kamar curin ƙullu, ko juyawa ba sa iya yi. Lalatattun hagu kuwa sumul, ba kitse ko na magani.

Shugabar baƙi ta cire tabarau.

"Babu wanda ya gaya maka ɓera da dare yake aiki?"

Oga ya dubi agogon dama, ya dubi na hagu.

"Hajiya, waɗannan ɓerayen ba su da ladabi. Zan rubuta rahoto a kansu."

Kujerar darakta dai wani aka ba. Amma hukuma ba ta manta da Oga ba. Ta aiko da takarda cewa daga yanzu duk wani gwajin ɓera, kafin ya kaɗa ƙararrawa, sai Inna ta sa hannu.