Babur ɗin Malam, Makullin Hajiya

"...da gajiya, amarya? Ya kwanan tsufa? Haƙoran nan da suka rage duk sun tashi lahiya, ko an samu wanda ya yi ritaya?"

"Lahiya lau suka tashi, maigidan wahala. Matsa can, kana warin baƙin mai. Miji ne kai ko tsumman bakanike?"

Abbas ke nan, ɗan yayana Alhaji Haruna, da kakarshi Hajiya Baraka, wadda ta haife mu. Ni Zuwaira ina gefe ina tsintar shinkafa, kuma wallahi na gaji da su biyun. A shekarar da soja suka koma bariki ne, gari ya cika da fastocin 'yan siyasa, sai Yaya Haruna ya yi alkawarin ba wata jam'iyya garejin gidanmu na Ƙofar Guga ta yi ofis. Abin da ke ciki kuwa tsohon babur ne na mahaifinmu, marigayi Malam Yahaya duba-gari, wanda ya saya tun Katsina na ƙarƙashin Kaduna. Yaya ya ce ko dai babur ya fita da ƙafarshi, ko 'yan gwangwan su fitar da shi a kura. Tun daga ranar Abbas ya tare a garejin, ya kwance komai ya wanke da kananzir, ya hana mu sakat da ƙwanƙwasa. Yanzu ya gama haɗawa, abu ɗaya ya rage mashi.

"Makulli na zo karɓa," in ji shi.

"Wane makulli? Na ɗakin da ka gina mani?"

"Na babur, tsohuwa. Kowa ya san shina wurinki."

"Ni ka taɓa gani da babur? Mi zan yi da makullin babur?"

"Haka kika ce da nake neman madubi, sai ga shi a ɗakinki kina sa kwalli da shi. Haka kika ce a kan murfin fitila, na iske kajinki na shan ruwa a ciki. Sirdin kuma kin maishe shi kujerar alwala."

"Kajin sun fi ka sanin darajar kaya. Ko sau ɗaya ba su kwance ma babur ɗin ciki ba."

"Gyara shi na yi!"

"Gyara? Na leƙa na ga hanjinshi a baje cikin farantaina. Farantan aurena, Zuwaira, kina ji? Wannan ba miji ba ne, mahauci ne."

Na ce, "Ni ku cire ni a ciki."

Abbas ya gyara tsuguno, ya ce, "Hajiya, ki sani hwa an daina mulkin kama-karya. Yanzu farar hula ake. A kaɗa ƙuri'a a gidan nan, a gani ko za ki ci."

"A kaɗa. Ni da kajina mun rinjaye ka."

"Maguɗi ke nan. Kaji ba su yi rajista ba."

"Kai da ka yi, mi aka ba ka? Hular kamfe da ta fi ƙarfin kanka. Kuma ba bakanike kake cewa kai ba? Ka haɗa waya da waya mana ya tashi, yadda ɓarayi ke yi. Ai kamar ta nuna."

"Zan iya," in ji Abbas, wannan karon bai yi dariya ba. "Amma babur ɗin kakana ne. Ba zan tada shi kamar na sato ba. Baba ya ce gobe masu fenti za su zo su shafe garejin. In bai tashi yau ba, a kilo za a auna shi."

Hajiya ta harare shi, ta miƙa mashi hannu. "Tada ni, raggo. Bari in ga ɓarnar da ka yi."

Na ajiye tire na bi su, don ban yarda in bar su su kaɗai kusa da fetur ba. Muka shiga garejin. Yaron nan ya yi aiki, in faɗi gaskiya ko ba na so. Tankin ya sha jan fenti irin na da, salansar hayaƙi na ƙyalli, har ɗan buzun da Malam ke shimfiɗawa a sirdi ya nemo ya ɗaure. Hajiya ta daɗe tsaye, ta shafa tankin da tafin hannu.

"Tun shina kwanar masallaci nake gane ƙarar shi," ta ce a hankali. "Kafin ya iso na zuba ruwa a buta. Yanzu in na ji ƙarar nan, in duba ƙofa ba kowa hwa?"

Tausayinta ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Ashe abin da ya sa ta ɓoye makullin ke nan, mu muna ta cewa rigimar tsufa ce.

Abbas ya dafa ƙirji. "Ba kowa kamar yaya? Ni ɗin katako ne? Ga miji sabo fil a gabanki, kina zancen ba kowa!"

"Sabo? Da wannan ƙafafun kamar sillen kara? Ko kik ɗin tada shi ba za ka iya bugawa ba."

"Malam ma da ya ɗauke ki a kai, ai tura shi ya yi don nauyinki."

"Ya ɗauki wa?" Hajiya ta juyo gaba ɗaya. "Kai yaro, kakanka ya ɗauki buhun gero a babur ɗin nan. Ya ɗauki ragon layya. Ya ɗauki liman har Batagarawa. Ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa ɗora ƙafa ba."

"Haba dai!" in ji Abbas.

"A zamaninmu namiji ya goyo matarshi ya ratsa gari? Ai sai ya bar unguwar don kunya. Ranar da zazzaɓi ya kama ni, a ƙasa na tahi asibiti, shi kuma shina gaba a kan babur, shina tahiya a hankali kamar bai san ni ba. In ya yi nisa sai ya tsaya ya yi kamar shina duba taya."

Abbas ya fashe da dariya har ya riƙe ciki. "Wato rago ya hau, ke ba ki hau ba! To ni ba irin mijin nan ba ne. Ni ba ni da kunya ko ta sisin kwabo."

"Wannan kam duk Ƙofar Guga sun shaida."

"Ba ni makullin, ke ce fasinja ta farko. In na fasa, ki kai ni ƙara wurin kajinki."

"In ka kada ni hwa?"

"In auro wata mai cikakkun haƙora."

"Ɗan nema!" Dariya ta ƙwace mata. Ta sunkuya ta kwance haɓar zanenta, ta ciro ɗan makulli da ya yi baƙi don daɗewa, ta danƙa mashi. "Ungo, ka ci. Amma in bai tashi ba, sai ka sake ni yau ɗin nan."

Ya buga kik, babur ya yi tari ya yi shiru.

"Kun ji ko?" in ji Hajiya, tana nuna Abbas. "Irin tarin maigidan."

Ya sake bugawa, shiru. Gumi ya keto mashi, ni kaina na fara salati. Ya ja cok don mai ya sauka, ya yi bisimilla, ya taka da dukkan ƙarfinshi. Sai garejin ya ɗauki ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse. Ƙarar nan ce dai ta Malam, ba ta canza ba. Hajiya ta rufe ido, ta goge fuska da bakin zane, sannan ta daka mani tsawa.

"Ke Zuwaira, kin tsaya kallo? Ɗauko mani mayahina mai kyau, na cikin akwati!"

Muka taru muka ɗora ta, ta zauna a karkace, ta cukuikuye rigar Abbas da hannu biyu.

"Ina muka nufa, amarya?"

"Bi ta Hasumiyar Gobarau," in ji ta. "Kuma a hankali, don ubanka. So nake kowa ya gan ni."