Kujerar da Ta Ce A'a

"Ni Nicanor Almaguer, tun da na kama zarto ban taɓa ƙera abin da ya karkace ba. In ka ga aikina a karkace, to ko dai ƙasar ce, ko idonka."

Haka yake cika mana kunne a shagon askina da ke Cienfuegos a ƙasar Kuba, kumfa cike da fuska amma bakin ba ya hutawa. Bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa, saboda haka kada ka ɗauka labarin ƙanzon kurege zan ba ka. A gabana aka yi.

Kafinta ne, amma kada ka kuskura ka kira shi haka. Wajen 1955 wani matuƙin jirgin ruwa ya mance da mujallar kayan ɗaki ta ƙasar Denmak a mashayar bakin tasha, ta faɗo hannun Nicanor. Ko harafi ɗaya bai iya karantawa a cikinta ba, hotunan kawai yake kallo yana gyaɗa kai. Daga ranar ya koma "mai zayyanar zamani". Ya sayi tabarau marar magani, ya soke fensir a bayan kunne, ya shiga zagin kujerun lilo na madaci da iyayenmu suka tsufa a kansu.

"Akwatin gawa ne mai hannu," ya ce mini. "Duniya ta ci gaba, Cheo. Kujerar yanzu siririya ce, marar nauyi, da yatsa ɗaya za ka ɗaga ta."

Mu kuwa muka raɗa masa suna Injiniyan Mazaunai.

To, Injiniya yana neman Zoila, 'yar Doña Obdulia da mijinta marigayi Don Serapio. Ya daɗe yana zuwa zance kowace yamma: shi a kujerar lilo, Zoila a tata, uwar a gabansu tana lilo tana sa ido. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yarinyar tana son sa da gaske. Saura kawai ya je neman aurenta a hukumance, uwar ta ce i. Ita kuwa Doña Obdulia ko labule ba ta sauyawa sai ta shawarci marigayi, wanda hotonsa ke rataye a kusurwar falo da kofin ruwa a ƙarƙashinsa.

Na ce masa, "Kai mata kwalin alewar gwaba da furanni, kamar kowa."

"Kamar kowa? Kujera zan ƙera mata. In ta zauna a kai, da bakinta za ta roƙe ni in auri 'yarta."

Ya ƙera kujerar lilo, amma irin tasa ta zamani. Ƙafafu kamar na sauro, wurin zaman igiya ce aka saƙa, ga ta can ƙasa, bayanta a kwance. Doña Obdulia kuwa Allah ya yi mata jiki, ba a cuce ta ba ta kowane ɓangare. Ta zagaya kujerar tana kallo.

"Ɗan nan, sauran yana ina?"

"Ai ita ke nan, Doña. Zamani ba ya son tarkace."

Ta zauna. Ta nutse ciki. Gwiwoyinta suka zo daidai haɓarta, ƙafafunta suna neman ƙasa ba su samu ba. Sai da aka kira ni da mai sayar da ƙanƙara muka ciro ta, tana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda coci bai san da su ba.

"Ba laifin kujera ba ne," in ji Nicanor muna hanyar komawa. "Ba ta iya zaman zamani ba ne."

Duk da haka ya ɗauko ta, ya ƙara mata tsayi, ya goge lanƙwasassun sandunan da take lilo a kansu har suna ƙyalli. Zoila ta yi ta lallashin uwarta har ta yarda ta sake gwadawa. Wannan karon ta zauna lafiya. Ta soma lilo, har ta lumshe ido. Sai dai daɓen gidan tayil ne mai santsi, kuma duk lilo ɗaya kujerar sai ta ɗan matsa gaba. Injiniya yana can yana bayanin yadda mutanen Denmak suke zama, bai lura ba. Da Doña ta buɗe ido sai ta gan ta a baranda, bakin matakala, mai tallan gyaɗa yana mata barka da yamma.

"Zoila! Wa ya fito da ni?"

"Kujerar ce, Mama."

"Ni na ce ina son zuwa unguwa? Nicanor, keke ka ƙera mini ko kujera?"

Ya sake kinkimo ta. Don ya hana ta tafiya, ya cire sandunan lilon ya sa sababbi, da ɗanyen katako kuwa, don sauri yake. Ya kankare ta dama, ya ga ta hagu ta fi ta tudu, ya kankare ta hagu, ya dawo dama. Na san wannan cutar. Haka sabon mai aski yake gyara gashin baki, ya rage nan ya rage can, har a wayi gari babu gashin.

Na leƙa na ce, "Injiniya, kamar ta jirkice."

"Idonka ne."

Doña Obdulia ta rantse ba za ta ƙara ɗora jikinta a kai ba. Amma ba a mayar da kyauta, don haka ta ce a ajiye ta a kusurwa ƙarƙashin hoto. "A ba Serapio. Shi ba shi da sauran ƙashin da zai karye." Can ta zauna, katakon yana bushewa yana murɗewa a hankali, babu mai kula.

Ranar neman aure ta zo, wata Lahadi da la'asar. Nicanor ya sha farar riga mai guga, ya ja ni a matsayin dattijon da zai raka shi. Aka kawo gahawa. Ya miƙe ya yi jawabi, rabinsa a kan Zoila, rabi a kan makomar kayan ɗaki a ƙasar Kuba. Doña ta saurara, har na ga alamar ta sauko. Sai ta juya wajen hoton.

"Serapio, ka ji dai. Me ka ce?"

Daidai nan iskar teku ta shigo ta tagar gefe, kamar yadda take yi kowace la'asar. Kujerar da ake ɗagawa da yatsa ɗaya ta motsa, babu kowa a kanta.

Ka san mu da kujerar da ke lilo ita kaɗai: cewa muke yi mamaci ne ya zauna a kanta. Ni kaina sai da na ji tsikar jikina ta tashi. Doña ta dafe ƙirji, gahawa ta zube. Da a ce kujerar kirki ce irin ta kakanninmu, gaba da baya za ta yi, kamar mai gyaɗa kai, da yanzu ina ba ka labarin biki. Amma wannan ta Injiniya ce. Ta tafi dama, ta dawo hagu. Dama, hagu. A hankali, kamar dattijon da ya gama tunani.

"Ya ce a'a," in ji Doña cikin raɗa.

"Mama, iska ce!" Zoila ta miƙe. "Kujerar ce a karkace, kowa ya sani!"

Doña ta dubi Nicanor. Matar nan ba muguwa ba ce, hanya ta ba shi da hannu biyu.

"Ɗan nan, kai ka ƙera ta. Faɗa mini gaskiya. In aikin ne ya karkace, shi ke nan, sai mu sa rana. In kuwa lafiyarta lau, to Serapio ne."

Na taka masa ƙafa. Na ce a kunnensa, "Ce mata ta karkace, ɗan banza. Kalma ɗaya ce."

Zoila ta riƙe hannun rigarsa, idonta ya ciko. "Nica, don Allah."

Wallahi na ga yana ƙoƙari. Ya dubi yarinyar, ya dubi kujerar, ya gyara tabaran nan marar magani.

"Doña, aikin Almaguer ba ya karkacewa."

Zoila ta saki rigar. Ba ta yi kuka ba, ta dai tattara kofuna ta shige ciki, kuma na ji tausayinta har raina. Baki shi ke yanka wuya, amma ban taɓa ganin wanda ya wasa wuƙar da kansa irin wannan ba.

"To, magana ta ƙare," in ji Doña, tana miƙa masa hularsa. "Ba na tsallake maganar mijina."

Ka ɗauka zai fita shiru? Ba ka san Injiniya ba. Ya kai bakin ƙofa, ya juyo, ya cire hular ya fuskanci kusurwa.

"Don Serapio, ka hana ni 'yarka, na ji. Amma kai ne ka zauna a kanta, kai za ka faɗi gaskiya a gaban mutane. Tsakaninka da Allah, ba gwani ne ya ƙera kujerar nan ba?"

Iska ta sake shigowa.

Dama, hagu. Dama, hagu.