Ranar da Na Kunna wa Surukina Bugun Zuciyar Jikansa

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanwar matata a Shinkafi ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina. Har yau in na tuna ina cikin aiki sai kunnuwana su ɗau zafi. Kunya ce da kewa a haɗe, na kasa raba su.

Ni mutumin Zurmi ne, aiki ya zaunar da ni a Kaura Namoda, inda nake ɗaukar hoton ciki a wani ƙaramin asibiti. Sikanin dai da kuka sani: a shafa wa mutum mai mai sanyi, a goga masa na'ura, hoton cikinsa ya fito a allo. Ni ba likita ba ne (amma in an kira ni likita a tasha ba na tsayawa gyara wa kowa). A shekarar aka kawo mana sabuwar na'ura, 'yar ƙarama da ba ta fi tocila ba, ana haɗa ta da waya sai hoto ya fito, har da sauti. Sai na zama kamar ni na ƙera ta. Mai shayi, mai keke napep, ladanin unguwarmu, babu wanda bai sha bayani ba.

Mutum ɗaya ne ya ƙi saurarona, kuma shi ne na fi so ya saurara: surukina, Baba Alhaji, dillalin shanu a kasuwar Shinkafi. Dogo ne, maganarsa ba ta da yawa. Matata Lubabatu ita ce 'yarsa ta fari, don haka ba ya kama sunanta, in ta zama dole sai ya ce "ta Kaura". Ni kuwa tsakaninmu gaisuwa ce, in durƙusa, ya amsa yana kallon gefe. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, kuma in faɗi gaskiya na daɗe ina kwaɗayin dattijon nan ya dube ni sau ɗaya kamar ɗansa.

Baba ya fara ramewa. Idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, gefen cikinsa na dama yana damunsa. Kowa ya ce ciwon shawara ne, aka dage da jiƙe-jiƙe. Ni na san abin yana son a leƙa. Na aika ta bakin surukata cewa ya zo Kaura in duba shi, amsa ta dawo cewa abin da Allah Ya rufe ba mai leƙa masa, kuma ya ji an ce na'urar tana ƙone jini. Lubabatu ta yi kuka har ta gaji. Shi ya sa na ɗaura niyya, a wurin bikin nan sai na shawo kansa ko ta halin ƙaƙa.

Akwai kuma wani abu da muke ɓoyewa. Bayan shekaru muna jira, da ɓari guda da ya kusa tafiya da hankalinta, Lubabatu ta samu ciki. Da hannuna na duba ta da sabuwar na'urar, na ga ɗan tayin, na ji bugun zuciyarsa, na adana a wayata. Ta sa na yi mata alkawari cewa ko mahaifiyarta ba za ta ji ba sai cikin ya fito da kansa. Na yi alkawari har da rantsuwa (ku riƙe wannan a ranku).

Ranar, bayan an shafa fatiha, maza suka baje a tabarmi ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, ana rabon goro da dabino. Dattawa ne zalla, dillalai da liman da baffannin amarya. Na raɓa can gefe kamar yadda suruki mai hankali yake yi. Sai Malam Garba, aminin Baba, wanda ba ya ganina bai tsokane ni ba, ya ɗaga murya ya ce, "Likita, mi as sabo can wurinku?"

Wannan ƙofa nake jira. Na gyara zama na fara zuba. Na ce a ƙasashen waje yanzu ana ɗibar jinin mai ciwon daji, a ware sojojin jikinsa, a koya musu gane cutar, a mayar masa su yaƙe ta da kansu. Na ce akwai magungunan da ba a haɗa su da hannu, ƙwayoyin halitta ake kiwo a manyan tankuna suna samar da su, kamar yadda saniya take ba da nono. Malam Garba ya tambaya ko su ma ana kai su kiwo da rani, aka yi dariya. Ban damu ba, domin na saci kallon Baba na ga carbinsa ya tsaya a hannunsa. Saurarona yake yi. Kaina ya ƙara girma.

Daga nan na gangaro kan na'urarmu, na rantse ba ta ƙone komai, ko jariri ba ta cutarwa. Malam Garba ya ce to a nuna musu su gani da idonsu. Hotunan marasa lafiya amana ne, ba na yawo da su. Guda ɗaya ne a wayata, kuma nawa ne. Na ce a raina zan nuna ne kawai, ba sai na faɗi na wane ne ba. Na kunna, na ƙure sauti.

Bugun ya cika rumfar, da sauri da sauri, kamar luguden mata a turmi ɗaya. Dattawa suka matso. Sai ga hannun Baba ya miƙo, ya karɓi wayar daga hannuna. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa karɓar wani abu hannu da hannu daga gare ni ba. Ya ƙura wa ɗan abin da ke motsi ido.

"Wanga mi na?" in ji shi.

"Zuciya ce, Baba. Ɗa ne a cikin uwarsa."

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ga shi kau shina da rai."

Fuskarsa ta saki irin yadda ban taɓa gani ba. A daidai lokacin Malam Garba ya jefo tambaya, wai cikin wace baiwar Allah ne. Amsa mai sauƙi tana nan, in ce wata ce daga cikin masu zuwa awo. Amma farin ciki ya riga hankalina isa baki. Na ji kaina da kunnena ina cewa, "Jikanka ne, Baba. Cikin Lubabatu ne."

Wanda ba ɗan nan ba zai ce mene ne a ciki. Ni da aka haifa a Zurmi na san abin da na aikata tun kafin in rufe baki. Na kama sunan 'yar fari a gaban ubanta, na sanar da cikinta a taron maza, sannan na ɗora masa hoton cikin a tafin hannu yana kallo. Wayar kuwa tana ta lugude. Baba ya ajiye ta a tabarma sannu a hankali kamar garwashi, ya lalubi takalmansa, ya ce bari ya duba ko an ba shanu ruwa (shanun suna can bayan gari tun safe). Liman ya shiga gyaran rawani. Malam Garba ya cusa fuska a hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Na rarumi wayar in kashe, yatsuna suka ƙi ba ni haɗin kai, hoton ya ƙare ya sake farawa da kansa.

Kafin in miƙe labari ya shiga cikin gida, na jiyo guɗa ta tashi, wadda ba ta amarya ba ce. Muka kamo hanyar gida a mota har muka sauka a tashar Kaura. Nan Lubabatu ta dube ni ta ce, "Saura gidan rediyo." Ban ji zafin wannan ba kamar yadda na ji zafin sanin cewa na ɓata damar da nake da ita. Wane uba ne zai sake haɗa ido da ni, balle ya kwanta a gabana ya buɗe cikinsa?

Ashe ban san Baba ba. Bayan 'yan makonni, da hantsi, sai ga shi a ƙofar ɗakin aikina tare da Malam Garba, ba aike ba sanarwa. Bai ambaci komai ba. Ya kwanta, ya ɗage riga, ya juya fuska ga bango. Na shafa man, na goga na'urar. Abin da na gani a hantarsa ya sa na yi fatan da ban iya aikin ba. Likitanmu ya duba ya tura shi Sakkwato, can suka tabbatar ciwon daji ne, kuma ya yi nisa.

Na koma na bi duk abin da na cika baki da shi a rumfa, sojojin jini da tankunan magani. Gaskiya ne, akwai su. Amma suna can inda suke, mu muna nan, kuma likitan ya ce ko a can ba kowane irin ciwo suke kamawa ba. Na yi ta kallon hotunan ɗakunan binciken nan masu ƙyalli ina jin haushin nisan da ke tsakaninmu. Na iya bayanin magani tiryan-tiryan, amma ban iya kawo wa Baba ko cokali ɗaya ba.

Zuwana na ƙarshe wurinsa a Shinkafi da la'asar ne. Na same shi a ɗakinsa shi kaɗai, ya zama ƙashi da fata. Na durƙusa na gaishe shi. Yana kallon bango ya ce, "Wancan abu da yay yi ƙara rannan. Shina nan cikin waya?"

"Yana nan, Baba."

Wannan karon Allah Ya ba ni hankali. Na kunna, na rage sauti, na ajiye kusa da matashinsa, na ce bari in je in yi alwala. Na fita na tsaya jikin randa da buta a hannu. Ina jin bugun yana ƙarewa yana sake farawa, yana ƙarewa yana sake farawa, bai kira ni ba. Da na koma na tarar ya ɗora wayar a ƙirjinsa, gemunsa ya jiƙe. Ya miƙo min ita ya tambaye ni ko an yi ruwa a Zurmi.

Baba ya rasu kafin Lubabatu ta sauka. Namiji ta haifa. Yaron yanzu yana gudu a tsakar gida, dogo kamar kakansa, kuma duk ranar da ya yi wata sabuwar ƙiriniya sai in ji ina son in hau mota in je Shinkafi in ba da labari, ko da za a amsa min ana kallon gefe.

Yanzu in magidanci ya kawo matarsa ya roƙe ni in tura masa bugun a waya, ina tura masa, amma sai na ja shi gefe. In ce masa kada ya kuskura ya kunna a taro, ni na gwada. Ya bari sai daga shi sai tsohon da yake so ya ji, ya ajiye masa, ya fita yin alwala ko da yana da ita. Kuma kada ya ce sai an haihu.