Daƙiƙa Biyun da Suka Ci Mini Aiki

Ba zan taɓa mantawa da wannan Litinin ɗin ba, ko da yake wallahi na yi ƙoƙarin mantawa.

Lokacin ina sitaj, wato koyon aiki, na wata uku a biro (ofis) na wata lakwal, makaranta mai zaman kanta, a nan Damagaram. Diraktar ya ce in na nuna ƙwazo zai ɗauke ni aiki. Shekara biyu na yi ina zaune da takardata a jaka, don haka ku san yadda na ƙwallafa rai.

A biron akwai Mushe (wato Malam) Illa, dattijon da ke shigar da sunayen ɗalibai. Manhajar lakwal tana da wata baƙar taga a cikinta, rubutu zalla, wadda ke haɗa mu da babbar ordinatar da ke ajiye komai. Ta tambayi suna, ka rubuta. Ta tambayi aji, ka rubuta. Ta ce a ajiye, ka ce i. Mushe Illa da yatsa biyu yake bugawa, ya gyara tabarau, ya jira, ya sake bugawa. Haushi kamar in mutu.

Sai na haɗa wani ɗan shiri da zai riƙa bugawa cikin tagar da kansa: ya sa suna, ya jira daƙiƙa biyu, ya sa aji, ya jira daƙiƙa biyu, ya ce i. Ba ya karanta abin da tagar ke cewa, ƙirga kawai yake yi (ni a lokacin wannan basira ce). Ran Juma'a bayan masallaci na gwada shi, biro wayam, ba kowa a kan rezo, layin da ke haɗa mu da babbar ordinatar, sai ni. Ya yi ta gudu ba tuntuɓe. Har tafi na yi wa kaina.

Ran Litinin na gayyato diraktar da malamai biyu. Saura sunaye kaɗan a kammala jerin ƴan aji uku masu jarrabawa, kuma Laraba za a miƙa shi.

"Mushe, ɗan matsa," na ce wa dattijon. "Yau ka huta."

Ya matsa, ya ba ni wuri.

Suna huɗu suka shiga lafiya, ina ta murmushi ina satar kallon diraktar. To amma Litinin ba Juma'a ba ce. Kowa na kan rezo, sai ya yanke na ɗan lokaci, tagar ta koma shafin farko. Abin nawa bai sani ba. Ya buga suna, tagar ta yi banza da shi. Ya buga uku, wato aji. A shafin farko kuwa lamba uku ita ce goge jerin da ake kai. Tagar ta tambaya ko an tabbata. Daƙiƙa biyu, ina kallo da idona, hannuna ya ƙi motsi. Ya ce i.

Innalillahi! Aikin sati uku ya tafi.

"Ya gama ke nan?" in ji diraktar.

Mushe Illa ne ya leƙa allon, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ya gama, ranka ya daɗe. Bai bar ko ɗaya ba."

Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya jawo kujerarsa, ya miƙo mini tulin takardu. "Ɗana, karanto mini ɗaya bayan ɗaya." Kwana biyu, dare da rana, ina karanta sunaye da murya kamar ta marar lafiya, malamai na wucewa suna cewa, "Injiniya, sannu da aiki." Ban taɓa jin kunya irin wannan ba.

Jeri ya tafi ran Laraba. Ni ma ran Laraba na tafi. Diraktar bai ɗaga murya ba, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Na daɗe ina tsine wa rezo kafin na yarda cewa shirin nan nawa halina ya ɗauko kaf: ya yi ta magana, bai saurari kowa ba. Bambancinmu ɗaya, shi ba ya neman aiki.