Famfon Ƙafar Hajiya

"Lafiya ƙalau na tashi, tunda dai ban kwana a rami ba. To kai da wane gefe zan gaisa? Ƙafafu kawai nake gani."

"Gaisa da su, Hajiya. Su ma mijinki ne."

"Allah Ya sawwaƙe. Mijina bai taɓa sa safa mai huji ba."

Hajiya Fulera ce tsaye a ƙofar caravan, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa wurin shaƙatawa. Ita dai tun ranar da ɗanta ya sayo shi na hannu ya ajiye a ƙofar gidansu da ke Wembley ta raɗa masa suna akurki. Ƙafafun kuwa na jikanta ne, Umar Faruq, wanda ya cusa kai da kafaɗu cikin akwatin ƙarƙashin kujera, inda tankin ruwa da ɗan injinsa suke. Sunan marigayi mijinta ya ci, don haka bakinta bai taɓa furta sunan ba. Idan ta so shi ta ce Maigida, idan ya ishe ta ta ce ja'iri.

Gobe za a tafi bakin teku, kuma Faruq ya ƙudura sai an tafi da ita. Tun da aka yi mata aikin gwiwa a wani asibiti a Marylebone ba ta iya tsugunno. Hannu ɗaya na riƙe bango, ɗaya na riƙe buta, ba wanda zai cuɗa ƙafa. Hadizatu, matar ɗanta, uwar Faruq, ita ke durƙusawa ta wanke mata a kowace alwala. Tsohuwa ba ta taɓa cewa uffan ba, amma Faruq ya sha ganin yadda take kau da fuska ta kalli bango, abin yana ci masa rai. Da aka yi zancen tafiya ta ce ita kam ba za ta je surukarta ta wanke mata ƙafa a gaban Turawa ba. Shi ne ya yanka bututun ruwan caravan a ɓoye, ya ja sabon reshe. To ga shi tun da ya yi aikin, tanki ya ƙi riƙe ruwa, Baba kuma ya ce in ya dawo aiki da yamma ya tarar ba a gyara ba, an yi cancel, an fasa tafiyar.

"Matsa in shigo," in ji ta.

"Tsaya in kama ki."

"Kama kanka. Wanda ya kasa kama ruwa ne zai kama mace?"

Ta hau matattakalar da ƙyar, tana cije leɓe, ta zauna a kujerar da ke fuskantar tasa. Faruq ya zaro kansa, gashi duk yana, sifana a hannu.

"Kai, ka ga yadda ka koma? Kamar wanda aka tono."

"Duk don ke nake wannan wahala, amarya."

"Amaryar da aka kama wa ɗaki mai taya. Marigayi Malam ɗaki biyu da rumfa ya gina mini, da rijiya a tsakar gida."

"Na ji labarin rijiyar. An ce ke kika haƙa ta da kanki, shi yana zaune yana ba ki umarni."

"Ƙarya kake, ja'iri. Wa ya gaya maka?"

"Shi da kansa. Ai suna ɗaya gare mu, muna magana. Wai ma mene ne sunan namu? Na manta, tuna mini."

"Sandar nan za ta tuna maka."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya shimfiɗa jarida ƙarƙashin kowace mahaɗar bututu, ga su nan a bushe ƙayau. Ya kwance, ya naɗe da salatif, ya sake ɗaurewa har yatsunsa sun yi ja. Ya leƙa ƙarƙashin caravan, ko ɗigo babu. Amma kullum sai ya cika tanki da tiyo kafin ya tafi makaranta a Bloomsbury, in ya dawo ya tarar wayam, inji na ta gurnani a bushe.

"Wai wa ya koya maka aikin famfo?" ta tambaya. "Ni dai na san haɗa magani aka tura ka karanta."

"A waya na koya."

"A waya. To kira ta mana ta zo ta gyara."

"Hajiya, ruwan nan ba ya zuba. Ɓacewa yake yi."

"Ikon Allah." Ta gyara mayafi, ta kalli taga. "Ƙila aljanun Landan ne. Su ma ai suna jin ƙishirwa."

"Ko kuma wata tsohuwa ce ke shanye shi. Na lura kin yi ƙiba kwanan nan."

"Ƙibar me? A gidan da ake ba mutum ganye ɗanye a ce abinci ne? Ni da zan koma Kano mako mai zuwa, mutane su ce miji ya kasa ciyar da ni."

"Sai ki ce musu kin ga teku."

"Na ga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, na ga likita. Ya ishe ni."

Ta faɗe shi a wasa, amma Faruq ya ji nauyinsa. Wata nawa matar nan tana garin, daga ɗaki sai asibiti. Ya miƙe ya share hannu a wando.

"Bari in duba bayan banɗakin, ƙila ta can yake bi."

Caraf ta tare ƙofar ɗan banɗakin da sanda. Saurin ya ba shi mamaki, don ko a gaban likita bai taɓa ganin ta motsa haka ba.

"Ba a shiga nan."

"Saboda me?"

"Kayan mata ne."

"Ni da matata kuma akwai ɓoye-ɓoye?"

"Na sake ka tun jiya. Ba ka ji ba ne, kanka na cikin rami."

"Mace ce ke sakin miji?"

"A Landan muke."

Ya ɗaga sandar a hankali, ya tura ƙofa. Sai ya tsaya sororo. Tun daga ƙasa har kan ɗan wurin wanke hannu, ba masaka tsinke. Robobin madara, gorunan lemo, bokitin goge ɗaki, babbar tukunyar da Mama ke nema tun shekaranjiya, kular da ake zuba shinkafar suna, duk cike maƙil da ruwa, an rufe kowanne da kyau. A gaba kuma ga butar ƙarfen Malam, wadda ta zo da ita daga Kano a cikin jakar hannu, ba ta yarda an sa ta a akwati ba.

"Hajiya."

"Na'am."

"Ga aljanun Landan."

"To ai sun kyauta. Sun iya tanadi."

"Kwana nawa ina kwance a ƙasa ina neman yoyo, ashe yoyon na zaune a kan kujera da carbi."

"Kai ne sakarai. Ruwa ya zo, a zauna ana kallonsa?"

"Ina ya zo daga? Ni na zuba shi da tiyo."

"Ni dai da na shigo shan rana na murɗa famfo, na ji inji ya tashi. A unguwarmu in ka ji inji na ƙara, ko tuwo kake tuƙawa ajiye muciya za ka yi ka ɗauko bokiti. Ruwan da sai inji ya yi kuka yake zuwa, ba mai zama ba ne. Kuma ga shi, na tara, na tara, ya ɗauke. Da ban tara ba fa?"

"Ya ɗauke ne don kin tare shi duka."

"Ka ji irin maganar mutanen da aka haifa a bakin famfo."

"A Kano aka haife ni, ke kika yi mini wankan jego ma."

"Uwarka na yi wa wankan jego. Kai wankan tsarki kawai ka samu, shi ma kana tsala ihu. Ko Hausar ta gudu ta bar ka."

Faruq ya zauna a bakin ƙofar banɗakin yana dariya har da riƙe ciki. Da farko ya sha wahala da ita a cikin gida ma, don makon da ta zo sai da ta cika bahon wanka taf, aka yi ta lallashi kafin ta yarda famfon gida ba ya ɗaukewa. Bai taɓa kawowa ƙarar ɗan injin nan za ta tayar da tsohon hali ba.

"To yanzu ke da kika ce ba za ki ba, wa kike tara wa?"

Ta ja carbi.

"Na ga ubanka ya ƙwallafa rai," ta ce can. "Na ce in suka matsa na bi su, kada a je jeji ruwa ya yanke. Yarinyar nan Hadizatu tana durƙusa mini sau biyar a rana, ban da nafila. Kada kuma in ƙara mata da yawon neman ruwa. Ɗiyar mutane ce."

Ya daina dariya. Tausayinta ya kama shi, amma ya san in ya nuna, sandar ce za ta amsa.

"Tashi, tsohuwa. Zo ki ga lefenki."

"Lefen mai safa mai huji."

Ya kwashe robobin gefe, ya janye wani tawul da ya rataya a bango. Ƙasa-ƙasa, daidai ƙauri, ga ɗan famfo sabo fil mai dogon hannu. A gabansa ya kafa ɗan benci, da wani katako mai tudu na ɗora ƙafa, ruwan kuma zai bi ta magudanar wanka ya fita.

"Wannan kuma na wa? Na kyanwa?"

"Naki ne. Ki zauna nan, ki ɗora ƙafa nan, ki tura hannun famfon. Ba riƙe buta, ba riƙe bango. Daga bututun da ke fita daga injin na yanka na sa mahaɗa mai baki uku, na haɗa da na ruwan zafi."

Ta daɗe tana kallon famfon. Sannan ta taɓe baki.

"Ba zai yi ba."

"Ba zai yi ba kam, tunda ruwansa na cikin tukunyar Mama. Sai kin ba ni aron dukiyarki in mayar tanki."

"Ka je ka jawo tiyonka."

"Wannan nake so. In ba haka ba gobe mu ja caravan da rijiya a ciki, 'yan sanda su tare mu."

"Ɗauki. Amma ban da butar."

Ya yi ta jigila, roba bayan roba, tana zaune tana ba da umarni, tana cewa ya zubar da rabi, ko ɗan ga-ruwa na koyo ya fi shi. Da tanki ya ɗauka, ya kunna inji. Famfon ya yi tari, ya tofa iska, ya sake tari.

"Ka ji ko? Har ya kamu da murar garin."

"Iska ce a bututun. Ba shi lokaci, ke ma sai kin yi tari kike magana da safe."

Sai ga ruwa, siriri da farko, sannan ya miƙe sosai. Hajiya Fulera ta jingine sandarta. Ta zauna a bencin a hankali, ta tuɓe silifa, ta naɗe hannun riga. Ta tara tafi, sai ta ɗago ta dube shi.

"Da ɗumi."

"Ai na san matata ba ta son sanyi."

Ta yi bisimilla, ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta bi alwalarta daki-daki. Da ta zo ƙafa, Faruq ya ga ta ɗan dakata kamar mai jiran wani. Sannan ta ɗora ta dama a kan katakon, ta sunkuya iya inda gwiwa ta yarda, hannunta ya kai. Ta cuɗa dunduniya, ta tsettsefe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta hagu. Wannan karon ba ta kalli bango ba. Shi ne ma ya juya yana ta gyara sifana a cikin akwati, don idonsa ya cika.

Ta rufe famfon da kanta, ta shafa fuska da gefen mayafi, ta daɗe tana shafawa.

"Ruwan ya shiga mini ido," in ji ta.

"Ni ma."

"Kai da kake can?"

"Famfon na da ƙarfi."

Ta tuntsire da dariya har sandar ta zame ta faɗi. "Ja'iri. To na mayar da kai, auren ya ɗauru. Ƙarfe nawa za a tashi goben? A gaya wa ubanka gaban mota zan zauna."

"Sai an yi booking, a kama kujera tun da wuri."

"Ga booking." Ta miƙa hannu ta ɗauko butar Malam, ta shafa murfinta da babban yatsa, ta miƙa masa. "Riƙe, Maigida. Tun da ya rasu ban bar kowa ya taɓa ta ba. Mai sunan ya ci gadonsa."

Faruq ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe baki zai yi godiya, ta ɗaga masa yatsa.

"Amma kada ka kuskura ka juye ta a tankin nan. A cike za ta tafi. Ni har yanzu ban yarda da injin ba."