Rasuwar Ladi, Bindigar Iskar Malam Irmiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ina duban bangon ɗakin Baba inda farar ƙasa ta dushe ko'ina sai wurin da jikin marigayiya ya kare, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, a madadin iyalan Malam Irmiya Bitrus, tsohon malamin gona a Haɗeja, rasuwar bindigarsa ta iska wadda aka fi sani da Ladi. Ta rasu ranar Talata da hantsi a gonar shinkafarmu da ke fadama, a hannun mai ita, bayan jinyar da ba mu san tana yi ba.

An haifi marigayiya a ƙasar Sin, a wata masana'anta da ba mu taɓa iya karanta sunanta ba. Ta iso Kano cikin kwali tare da 'yan'uwanta masu yawa. A can Baba ya gan ta, a kasuwar Sabon Gari, cikin shekarar 1983. Motar da suka shigo ta lalace a Jahun, don haka sai ranar Lahadi suka iso gida, muna shirin tafiya coci. Mama Laraba ta dubi kwalin ta ce, "To, baƙuwar Lahadi ai ta zo da sunanta." Shi ke nan suna ya bi ta.

Ba 'yar babban gida ba ce, kuma ba mu taɓa ɓoye hakan ba. Manyan ma'aikata suna da na Ingila da na Jamus, masu ƙota mai sheƙi. Ladi kuwa cikin masu araha take, irin waɗanda ake rubuta wa alƙawarin ƙarfi a jikin kwali da manyan baƙaƙe. Ƙotarta ta zo da kaushi, sai da Baba ya goge ta da gilashin kwalba. Amma cikin dukan waɗanda mai shagon ya jera, ita kaɗai ta ci jarrabawar Baba.

Ya kamata in faɗi yadda jarrabawar take, domin masu zuwa ta'aziyya da yawa ta dalilinta suka san gidanmu. Masu sayar da irin waɗannan bindigogi suna da dabara. Sukan ɗiga ɗan mai a cikin ramin iska kafin mai saye ya gwada. Idan aka harba, man ya kama da wuta, sai ka ji ƙara kamar ta maharba, har da hayaƙi. Manomi ya ji haka ya ce ya sami mai ƙarfi, ya biya ya tafi. Baba ba ya sayen ƙara. Yakan karya bindigar a hankali, wato ya lanƙwasa bututun don ɗana ta, ya sa kunnensa a jikinta, ya saurari sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan na ciki, ko yana gurza. Yakan girgiza bututun ya ji ko mahaɗar tana rawa. Sai ya barbaɗa ɗan toka a inda bututu ya haɗu da jiki, ya sa ƙwayar dalma ya harba. In toka ta tashi, iska na zurarewa ke nan, ko da kyauta ce ba ya so. Daga nan sai murfin gwangwanin madara a jikin katanga. In ƙwayoyi suka taru wuri guda, bindiga ce. In suka watse kamar kaji sun ga shaho, sanda ce mai tsada.

Abin da yake yawan faɗa shi ne, "Bindigar da ke ihu, cikinta ne ke ciwo."

Ladi ba ta ihu. Idan aka karya ta, sai ka ji ɗan gurnani mai laushi, sannan ƙyas. Idan aka taɓa kunamarta, sai ta ce tas, gajere, ba ƙari. Ni da ba na son hayaniya, tun ina ƙarama na ji muna da hali ɗaya. Takan faɗi abin da ke bakinta sau ɗaya ta yi shiru. Ba ta taɓa alƙawarin kashe gada ba, ba ta kuma taɓa kasa kurciya ba.

Ta yi wa gidanmu hidima ba gajiya. Ta raba gafiya da rumbunmu. Ta sa hasbiya a miyar Kirsimeti a shekarun da kaza ta fi ƙarfinmu. Lokacin da nake jami'a, duk ƙarshen hutu Mama kan soya mini kurciyoyi ta zuba a gwangwani, kuma abokan ɗakina sun ci albarkacin Ladi ba tare da sun san ta ba. Babban aikinta kuwa shi ne gadin shinkafa. Duk wanda ya yi noma a fadamar nan tun da ciyawar kacalla ta cika kogi ya san tsuntsayen jan baki. Cikin kacallar suke kwana, da gari ya waye su taso kamar hadari, su sauka a kan shinkafa lokacin da ƙwayarta take ruwa-ruwa. Baba yakan zauna a rumfarsa ta gefen gona, ya bari na gaba su sauka, ya kayar da ɗaya. Sauran sai su tashi gaba ɗaya su nufi wani wuri.

Wurin da suke nufa, sau da yawa, gonar Malam Isa ce, maƙwabcin Baba a fadama kuma abokin tsokanarsa tun zuwansa garin nan. Malam Isa mutum ne da ba a rasa magana a bakinsa. Daga tsallaken kunya yakan ɗaga murya ya ce, "Malam Irmiya, ka gaya wa 'yar taka ta daina aiko mini baƙi! Ni na ce ina suna?" Baba ya ce, "Ai sun san inda ake sadaka ne, Malam Isa." Da azahar Baba ya tsare gonakin biyu har abokinsa ya idar da salla. Ranar Lahadi kuwa Malam Isa ne ke tsare su da gwangwani da igiya, yana mitar cewa an bar shi da aikin mutum biyu da bindiga ɗaya.

Saboda Ladi, sunan Baba ya kai Kirikasamma da Malam Madori. Mutum zai sayo bindigarsa, ya naɗe ta cikin buhu, ya zo ƙofar gidanmu kafin ya kai ta gida. Wasu sun koma da murna, wasu sun koma Kano da faɗa. Doka biyu yake ba kowa kafin ya sallame shi: kada a ɗiga mata man keken ɗinki a ramin iska, kada kuma a harba ta ba ƙwaya a ciki, domin ƙwayar ce ke tare ƙarfin sifirin, in babu ita kansa yake duka. Yaya Habila, babban wanmu, ya taɓa harba ta wofi yana ɗan makaranta. Har yau yana tuna wane kunne aka ja.

Game da rashin lafiyarta, ga abin da muka sani. Tun bara muryarta ta canja. Na dawo daga bautar ƙasa na je kai wa Baba abinci a gona, sai na jiyo wata ƙara mai kaushi daga wajen rumfa, fau, da ɗan hayaƙi yana bin ta. Na ɗauka wani ne ya zo da tasa a gwada masa. Da na ƙarasa, Baba ne kaɗai, da Ladi a cinyarsa. A gida kuma Mama tana cigiyar wanda ke shanye mata man keken ɗinki, alhali ta kwana biyu ba ta yi ɗinki ba. Kurciya ta daina zuwa tukunya. Baba ya ce tsuntsayen bana sun yi wayo. Muka yarda, don bai saba gaya mana abin da ba haka ba.

Ranar Talata jan baki suka sauko da yawa. Malam Isa ya ce ya ji ta yi fau, ta sake yi, sannan ta yi wani sauti da bai taɓa ji ba, kamar an saki cokula cikin kwano. Da Baba ya sake karya ta, bututun ya tafi sakwaf, ba abin da ya riƙe shi.

Yaya Habila yana gari a lokacin, ya zo daga Jos inda yake aiki. Shi ya ɗauke ta, muka tafi wurin Bala mai gyaran keke, wanda shi ne likitanta tun tana sabuwa. Baba ya ce a bari, ba sai an je ba. Yaya ya ce ai ba a barin mara lafiya a gida. Bala ya kwance ta a kan buhu. Sifirin ya fito a gutsuttsure. Fatar da ke tura iska ta ƙone ta zama gawayi, bangon ciki kuma ya tsage.

Bala ya ce, "Wannan ba tsufa ba ne. Mai aka yi ta ɗiga mata, ana harba ta wofi. An daɗe ana yi."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Haba Bala, bindigar Baba fa? Wa ya isa?"

Bala ya ci gaba da tattara gutsattsarin.

Da muka koma gida, Baba yana zaune a zaure. Bai bari an tambaye shi ba. Ya ce, "Habila, zauna. Dibora, ke ma." Muka zauna. Ya ce, "Idona ya daina rabe tsuntsu da kan mutum. In na ga abu yana motsi cikin shinkafa, ban sani ba ko jan baki ne, ko Isa ne ya sunkuya, ko matan da ke tsinkar ganye. Ba zan sa ƙwaya in harba abin da ban gani ba. Amma in ba ƙara, tsuntsu ba zai tashi ba. Na san abin da nake yi mata. Kowane harbi na sani."

Yaya ya ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?"

Baba ya ce, "Da na faɗa, da tun bara ka zo da mota."

Gaskiya ya faɗa. Tun da Baba ya yi ritaya Yaya yake roƙonsa su koma Jos da Mama, su zauna kusa da shi da asibiti. Amsar Baba kullum ɗaya ce: wa zai tsare shinkafa? Ladi ce hujjarsa ta zama a garin da ya shigo yana saurayi, inda ya haifi dukanmu, inda ya san kowace kunya ta fadama da tafin ƙafarsa. Ta ba shi damina ɗaya da rabi fiye da abin da idonsa ya ba shi, kuma da ranta ta biya. Likitan ido a Kano ya duba shi ranar Alhamis. Ya ce abin da ya rage za a yi ƙoƙarin riƙe shi, wanda ya tafi ya tafi. A hanyar dawowa Baba ya ce wa Yaya ya nemo motar kaya.

Marigayiya ta bar mai ita, Malam Irmiya, da Mama Laraba wadda ta raɗa mata suna. Ta bar Yaya Habila da kunnensa, da ni Dibora, da gwangwanin ƙwayar dalma da ba a taɓa ba tun bara. Ta bar 'yan'uwa da yawa a gidajen manoma daga nan har Kirikasamma, waɗanda muke roƙon masu su su riƙe dokokin nan biyu, ko da mai dokar ya karya su. Ta bar gona da shinkafa a tsaye. Jan baki ba su aiko da ta'aziyya ba, amma sun zo da yawa.

Muna kuma sanar da masu kawo bindiga a duba musu cewa an rufe wannan ƙofa. Wanda ya riga ya kamo hanya ya shigo ya sha ruwa, amma don Allah ya bar buhunsa a waje.

Ga yadda aka shirya jana'iza. Yaya ya so a tafi da ita Jos a rataye ta a falo, Baba ya ce 'yar fadama ce, sanyin dutse ba zai karɓe ta ba. Don haka Bala zai mayar mata da kayan cikinta yadda suke, Mama za ta naɗe ta a tsohon zanenta na zumuntar mata, a binne ta gindin kanyar da ke bayan rumfa ranar Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi. Ba za a yi harbi ba. Za a karɓi gaisuwa a gida har yammacin Lahadi. Motar kaya za ta zo ranar Litinin.

Wanda zai yi jawabi a bakin rami ne ba mu da tabbacinsa. Jiya da la'asar Malam Isa ya zo, tun daga waje yana cewa ina mai makokin sanda. Ya cire takalmi ya zauna kusa da Baba, na kawo musu ruwa na tsaya a bakin ƙofa. Baba ya ce, "Malam Isa, abu biyu zan roƙe ka. Ranar Asabar kai za ka yi magana, don ba wanda ya ci zarafinta kamarka. Na biyu, shinkafar nan ka girbe ta. Gonar ma ka riƙe, na gaya wa mai unguwa." Yana maganar yana fuskantar ginshiƙin zaure, ɗan nesa da inda abokinsa yake.

Malam Isa ya dubi ginshiƙin, ya dubi Baba, ya gane inda lalacewar idon ta kai. Ya buɗe baki, na jira tsokanar da za ta fito. Sai ya ajiye kofin ruwan bai sha ba, ya miƙe a hankali, ya ɗauki takalmansa a hannu don kada su yi ƙara, ya fita. Baba, bai san ya fita ba, ya ci gaba da gaya masa inda ruwa ke taruwa a gefen gabas na gonar.