Yadda Ake Kiwon Aholote a Gidan Kakar Matarka

Ka bi matakan nan, na yi maka alkawarin aholotenka, ɗan ƙadangaren ruwan nan mai jan geza a wuya, zai tsufa da murmushinsa. Da su maƙwabcina Anselmo, mai tuƙa kwalekwale a Xochimilco ta ƙasar Meziko, ya ceci nasa. Kuma a gidan Doña Epifania yake zaune, kakar matarsa, wadda ko kyankyaso sai da izininta yake shiga.

1. Ruwa kafin baƙo
Ka shimfiɗa yashi mai laushi a tankin gilashi, don tsakuwa haɗiyewa yake. Ka cika ruwa, ka kunna na'urar tace ruwa, ka jira makonni. Haka Anselmo ya yi ta zama a falo yana kallon ruwa zalla.
"Ɗan nan," in ji tsohuwa, "talabijin ɗin naka tasha ɗaya yake kamawa?"

2. Sanyi
Zafi ajalinsa ne. Ka riƙa jefa masa gorar ƙanƙara. In firji ya cika, naman Kaka ya matsa.

3. Abinci
Tana yake ci, tsutsar ƙasan nan. Ka adana ta a firji, amma ba a robar man shanu ba. Anselmo a nan ya zuba. Ranar da tsohuwa ta buɗe za ta shafa wa burodi, har karnukan unguwa suka amsa ihunta.

4. Ka lura da tari
Tsofaffinmu sun yarda babu maganin tari kamar romon aholote. Wata yamma tsohuwa ta ja kujera gaban tanki, ta yi gyaran murya, ta yi tari.
"Ya yi ƙiba," ta ce. "Da muna yara, a ɓawon masara ake naɗe su."
Anselmo ya ruga wurin matarsa Citlali.
"Ni in shiga tsakanin Kaka da tukunya?" in ji ta. "Kai ka jawo."

5. Ka raɗa masa suna
Washegari ya tarar da tsohuwa da ludayi a bakin tanki.
"Kaka, dubi bakin nan, babu haƙori ko ɗaya. Wa ya tuna miki?"
Ta dubi aholote, ta ɗaga ido ga hoton marigayi mijinta, Don Crisanto, a bango.
"Haka yake murmushi in ya yi mini ƙarya," ta ce a hankali. Ta ajiye ludayi. Daga ranar aholote ya zama Don Crisanto.

6. Ka haƙura
Yau tankin yana ɗakinta. Kullum tana zayyana wa Don Crisanto laifuffukan Anselmo, shi kuwa aikinsa haƙo tana da yin sallama daga bakin ƙofa.
"Yana barci," takan ce. "Ajiye ka tafi."

Gargaɗi
Kafin ka raɗa sunan, ka binciki yadda tsohuwa ta zauna da marigayin. In da sauran fushinsa a ranta, ka ji ƙamshi daga kicin, ni ban san ka ba, kai ma ba ka san ni ba.